Fim ɗin da Anti Marji ta hana a haska

Nabila ce ta jawo wannan babin, don haka ita za ku tuhuma in ya yi muku tsawo. Ran nan ina gaya wa baƙi cewa na taɓa haɗa fim a Kuala Lumpur, sai ta zaro waya ta yi 'yan danne-dannenta, ta ɗago ta ce, "Tak ada lah, Mami," wai babu shi. Yarinyar da na goya a jirgin ƙasa daga Taman Melati zuwa Titiwangsa safe da yamma, yau ita ke ƙaryata ni da Malayanci a gaban mutane. To ku zauna ku ji. Fim ɗin akwai shi, da hannuna na haɗa shi, kuma ba za ku gane labarinsa ba sai kun san matar da kuke kira Anti Marji.

Babanku karatun digiri na uku ya kai shi Malesiya, ni kuma aure ya kai ni. Kafin nan na koyi editin, wato yanka hoto da jera shi da ɗora masa kiɗa, a Kano, a shagon Yaya Auwalu mai ɗaukar bidiyon biki. Da muka sauka Taman Melati sai na tsinci kaina a wani gida can sama, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da zan leƙa ta katanga, kullum da la'asar ruwa kamar da bakin ƙwarya. Zaman ya ishe ni. Na fara haɗa wa ɗalibai bidiyon suna da na kammala karatu, daga baya na shiga wani ɗan kwas, su kuma suka tura ni koyon aiki a wani ƙaramin situdiyo a Titiwangsa. A can na tarar da wata mata gajera, kakkaura, ta fi ni baƙi, gashinta fari fat, ta tuɓe takalmi ta ɗora ƙafa a kan kujera. Na gaishe ta, na tambaye ta ko daga Sudan take. Ta yi dariya har da buga cinya, ta ce daga Ostireliya. Na ce ashe ba Turawa ba ne a can?

"Akwai su," in ji ta. "Amma a gida suka tarar da mu."

Ita ce Anti Marji. 'Yar asalin ƙasar ce, cikin waɗanda ake kira Aborijin, kuma furodusa ce ta fim da talabijin. Ta kawo fim ɗinta ne a ƙarasa shi a Kuala Lumpur saboda aikin ya fi sauƙi a nan, kuma a nan za a yi wani bikin nuna finafinan 'yan asalin ƙasashe a ƙarshen shekarar. Tarihinta a gutsuttsure na ji shi, a mamak, wato shagon shayi da abinci da ke ƙasan situdiyon, tana yagar roti, gurasarsu ta can, tana tsoma shi a shayi, abin da har yau ban yafe mata ba. Ta ce tana ƙarama Turawa kan zo garinsu da kyamara, su ɗauki kakarta tana magana, in an nuna a talabijin sai ka ga bakin tsohuwa na motsi amma muryar wani Bature ce ke bayanin ko su wane ne su. Abin ya tsaya mata a rai. Ta fara da ɗaukar wayoyi da share ɗaki a wani ƙaramin gidan rediyo na mutanensu, ta koyi naɗar murya, ta koyi kyamara, ta shiga babban gidan talabijin inda ita kaɗai ce baƙa a ɗakin taro. Ta ce shekaru ta yi tana faɗa guda ɗaya da manyanta, cewa a bar mutane su yi magana da harshensu, a rubuta fassara a ƙasa. Da ta samu ƙarfi sai ta ajiye kujerar, ta koma tana ɗaukar yaran ƙauye tana sa musu kyamara a hannu. Wasu daga cikinsu a lokacin har sun zama daraktoci, kuma ba ta da hira sai tasu.

Fim ɗin da ta kawo na wata tsohuwa ne. Ba ita ta haife ta ba, amma uwa take kiranta, don ita ce ta fara yarda ta naɗi muryarta tun tana share-share a gidan rediyo. Ni a nan Tsohuwa zan ce da ita. Tsohuwar na zaune a kan jan yashi tana ba da labaran ƙasarsu, inda ruwa yake, wanda ya fara bi ta nan, abin da ya sa dutsen can ya tsage. Tana faɗa tana zane da yatsa a ƙasa, in labari ya ƙare ta shafe da tafin hannu ta kama wani. Sai dai akwai ta da shiru. Sai ta kai tsakiyar zance ta tsaya tana kallon nesa, har ka zaci na'urar ce ta maƙale. Ni kuwa 'yar gidan Yaya Auwalu, da aka ba ni gwaji sai na zage na nuna gwaninta. Na datse shirun kaf, na matse zancen, na shimfiɗa wani kiɗa mai taushi a ƙasa. Allah ne ya taimake ni ban sa furanni suna zubowa ba. Anti Marji ta kalla har ƙarshe, ta juyo.

"Binta, hannunki na da kyau. Amma ina shirun?"

"Na cire, Anti. Ai ba ta cewa komai a wurin."

"A wurin take tuna waɗanda suka ba ta labarin. Shirun nata ne, ni da ke ba mu da ikon taɓa shi. Mayar mata da abinta."

Na mayar, ina ƙunƙuni a ciki. Amma da na zauna na kalla yadda take so, wallahi sai na ji tsigar jikina ta tashi. Watanni na yi ina kallon fuskar nan kusa da kusa, na san inda haƙorinta ya fita, na san yadda take ɗaga gira in za ta yi tsokana, har na fara jin wasu kalmomin harshensu. Kuma duk abin da muka haɗa, Anti Marji sai ta aika can ƙauyen an nuna wa Tsohuwa da 'ya'yanta. In suka ce a cire wani wuri, ko da shi ne ya fi kyau, cirewa ake yi ba musu. Akwai wata waƙa da na fi so a fim ɗin gaba ɗaya, aka aiko cewa ta mata ce zalla, maza ba sa ji. Na ce Anti, wannan fa ita ce zuciyar fim ɗin. Ta ce in cire, ta miƙo min kofin shayi.

A gida babanku tsokana ce tasa. In na dawo sai ya ce, "Ƙaraso, darakta, yau me tsohuwarku ta zana?" Amma shi ke ɗauko Abba daga makaranta, shi ke yin tapau, wato sayo abinci a ƙunshe, in na makara, bai taɓa yi min gori ba. Mai gorin ita ce Hajiya Larai ta Sri Petaling, wadda ke kawo mana atamfa da daddawa da kuka daga gida, kuma ita ce uwar duk matan Hausawa da ke garin, ko kina so ko ba kya so. Kun san bakinta.

"Ikon Allah! Matar Dakta guda ta zama 'yar fim. To wa ye jarumin?"

"Babu jarumi, Hajiya. Tsohuwa ce ke ba da labari."

"Ba rawa, ba waƙa, ba soyayya? Tsohuwa na wasa da ƙasa? Ke Binta, in tatsuniya kike so ki zo gidana, kyauta zan yi miki."

Na ƙudura a raina sai matar nan ta zauna a layin gaba ta ga sunana a jikin allo. Da aka sa ranar nuna fim ɗin na bi gida gida ina gayyata. Kafin in ankara magana ta zama biki, mata sun fitar da anko, kuma a wurin Hajiya Larai aka saye shi, ita da ke zagin abin. Aka raba girki, wannan masa, wannan dambun shinkafa, za a dawo gidanmu a yi walima. Ga Anti Marji kuwa abin ya fi gaban anko. Mutanen gidajen talabijin na ƙasashe za su zo, wasu sun riga sun nuna suna so, kuma da abin da fim ɗin zai kawo take shirin ci gaba da koyar da yaranta. Shekaru ta yi tana zirga-zirga a kansa.

Ana saura 'yan kwanaki, muna zaune da hantsi muna gyaran fassara, wayarta ta yi ƙara. Ta fita baranda. Da ta dawo ba ta zauna ba, ta ɗauki jakarta, ta ce, "Ta tafi," ta sauka. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka kamar kakata ce ta rasu. Da na share hawaye sai na ce bari in yi mata abin da muke yi. Kun sha gani a finafinanmu na gida, in wani ya rasu akan sa hotonsa a farko da sunansa, a girmama shi. Na zaɓo hoton da ta fi kyau, tana dariya, na yi masa baƙin gefe, na rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, na ɗora a farkon fim ɗin. Washegari da Anti Marji ta shigo na riƙe hannunta na yi mata ta'aziyya, na kama sunan Tsohuwa har sau nawa, sannan na kunna mata abin da na yi. Matar nan ta juya wa allon baya da sauri, ta rufe ido da hannu.

"Kashe, Binta. Don Allah kashe."

Na kashe, ban san me na yi ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce ta san alheri na nufa. Ta ce a wurinsu in mutum ya rasu ba a kama sunansa, ba a kallon hotonsa, ba a sauraron muryarsa, har sai danginsa sun ce lokaci ya yi. Wani wata da watanni, wani shekaru. Ko mai irin sunan sai an sake masa abin kira. Da farko abin ya ɗaure min kai, mu da muke kiran sunan mamaci a addu'a safe da yamma. Sai na tuna Inna har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, na tuna ni kaina Abba nake ce wa ɗana saboda sunan surukina ya ci. Mu ma mun san sunan da ya fi ƙarfin baki. Na goge hoton a gabanta, ita tana kallon taga.

Ta kira babbar 'yar Tsohuwa, ta tambaya ko za a iya nuna fim ɗin. Amsar gajera ce: ba yanzu ba. Yaushe? Za su faɗa. Zuwa jana'iza ma bai yiwu mata ba, don tafiyar jirgi biyu ce da doguwar mota, kuma ruwa ya cinye hanyar a lokacin. Ni fa ban haƙura nan take ba, kada in yi muku ƙarya. Na ce a dusashe fuskar. Ta ce muryar fa? Na ce a sa wani ya karanta. Ta dube ni, sai na tuna kakarta da Baturen. Shugaban bikin ma ya zo, mutum mai ladabi, yana ta sunkuyar da kai. Ya ce ai akan rubuta gargaɗi a farkon irin waɗannan finafinan, kuma zauren nan babu ko mutum ɗaya daga ƙauyen, wa zai sani?

"Gargaɗin ana sa shi ne bayan dangi sun yarda," in ji ta. "Matar nan ta buɗe min baki ne don ta san ni 'yar gida ce. In na nuna ta yau saboda 'ya'yanta ba sa gani, to na zama irin waɗanda suka ɗauki kakata. Kuma gobe da wane ido zan zauna gaban wata tsohuwar in ce ta yarda da ni?"

Mutumin bai daddara ba. Ya dawo ranar da ba ta nan, ya same ni ni kaɗai, ga fim ɗin a na'urar da ke gabana. Ya ce ba a zaure ba, mutum biyu kawai za su kalla a ɗakin otal, su ne masu saye, don amfanin ita Anti Marji ɗin ne. Ya ƙara da cewa ɗaya daga cikinsu na neman mai editin, kuma ya riga ya yi masa maganata. "Boleh, kan?" in ji shi, wai ai zai yiwu ko? Na ce ya ba ni zuwa gobe. A jirgi har na wuce tasharmu ban sani ba. Na gaya wa babanku yana wanke wa Nabila hannu, ina jira ya yanke min hukunci in huta. Bai ko ɗago ba.

"Ke kika zauna da tsohuwar nan wata da watanni, ba ni ba. In kin ba shi, za ki iya sake kallon fuskarta?"

Da safe na kira mutumin na ce ba zai yiwu ba. Ya yi godiya cikin ladabi, kuma daga ranar ban sake jin maganar aikin ba. Na so aikin nan, yara. Na so shi ƙwarai, kuma da muka koma gida na ci gaba da bidiyon biki, akwai ranakun da nake saka wa amarya furanni a bidiyo ina tuna aikin nan. Amma ban taɓa cewa da na sani ba.

Anti Marji ta ce ba za ta aika saƙo ba, da bakinta za ta gaya wa mutanen da ta tara. Ni kuma na bi matan da na gayyata da waya ina cewa an fasa. Hajiya Larai ta ce, "An fasa me? Mun ɗinka anko, an jiƙa shinkafar masa. Ko farin bango ne sai mun je mun kalla." Haka suka cika layi biyu a zauren, ɗauri ya tashi sama, turare ya gauraye wurin, 'yan Malesiya na ta ɗaukarsu hoto. Anti Marji ta hau dandamali, allo fari a bayanta. Ta ce uwarta ta rasu, kuma fim ɗin na uwar ne da 'ya'yanta, ba nata ba, don haka yau ba za a ga komai ba. Ta yi bayanin al'adarsu a taƙaice, ba ta ba kowa haƙuri fiye da sau ɗaya ba. Wani ya tambaya yaushe za a gani, ta ce ba ita ke da wannan amsar ba. Ina kallo masu sayen suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Muryarta ba ta yi rawa ba. Sannan ta nuna ni, ta ce ga wadda ta haɗa shi, ta tashi a gan ta. Na miƙe. Ban taɓa ganin mutum ya yi asara a tsaye da mutunci irin na matar nan a ranar ba, kuma har gobe da ita nake auna mutane.

Bari in gaya muku ƙarshen fim ɗin tun yanzu. Shekaru bayan mun koma gida 'ya'yan Tsohuwa suka ce lokaci ya yi. Aka haska shi a jikin bangon makarantar ƙauyensu, suka kalla, suka yanke cewa nasu ne da jikokinsu, ba na kasuwa ba. Anti Marji ta ce to. Koyar da yaran nata ya tsaya cak na wani lokaci, ta koma aikin wasu kafin ta sake tashi, kuma ta tashi ɗin.

Amma ni abin da ya fi zauna min shi ne yammacin ranar zauren. Mun fito, mata sun yi cirko-cirko ba wadda ta san abin yi, ga abinci jibge a gidana. Na zaci Hajiya Larai za ta fara. Sai na ga ta tsaya tana kallon Anti Marji da ke can gefe ita kaɗai da jakarta.

"Binta, wai da gaske ba ta samu zuwa jana'izar ba?"

"Ba ta samu ba, Hajiya."

"Kuma ba ta da kowa a garin nan?"

"Sai mu."

Ta zaro hankici ta goge jan-bakinta, ta warware ɗaurin nan ta yafa shi a ka. Ta ce kowa ta yi haka, a ɗauko matar a tafi da ita. A gidanmu ta sa aka tura kujeru jikin bango, aka cire balan-balan ɗin da Abba ya hura, aka shimfiɗa tabarmi da zannuwa, aka zaunar da Anti Marji a tsakiya. Babanku ya kwashe maza suka sauka ƙasa. Hajiya Larai ta tsaya a bakin ƙofa tana gargaɗin duk mai shigowa.

"Kada wadda ta kama suna, kada wadda ta tambayi hoto. Ku gaishe ta kawai."

Mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa, su riƙe hannunta. Sannu, ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri. Anti Marji ta jawo ni ta tambaya me suke cewa. Na fassara mata. Ta ce me ake amsawa? Na ce ta ce, da godiya. Ta gwada wa ta farko, ta gwada wa ta biyu, harshenta na karyewa, matan na gyaɗa kai. Da aka zo kan Hajiya Larai, ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwarta, Anti Marji ta buɗe baki kalmar ta ƙi fita. Matar da ta tsaya gaban zaure guda ba ta girgiza ba, sai ga ta ta fashe da kuka kamar yarinya. Na yunƙura zan rarrashe ta, Hajiya Larai ta daka min harara, ta jawo kan nan mai furfura ta kwantar a kafaɗarta, a kan sabon ankon.

"Ƙyale ta ta yi, uwa ta rasa. Ke kuma tsayuwar me kike? Je ki zubo mata masa, matar nan rabonta da abinci tun jiya, ga shi nan a fuskarta."